Dillaliyar da ke Cikin Waya



Ya mai karatu, yau ina so ne in ba ka labarin wani darasi da na shirya wa 'ya'yana, wanda a ƙarshe ni ma sai da ya biyo ta kaina. Ba labarin gwaninta ba ne, domin kuwa da kuskurena ya faro.

Wata rana bayan sallar Isha'i na shigo gida, na tarar da ɗana mai shekara 11 ya duƙufa a kan wayar mahaifiyarsa. Ita ta ara masa tun bayan Magariba, don ya nemo bayanin wani lissafi da aka ba su aikin gida a kansa. Da na leƙa, sai na ga wasu samari biyu suna ta naushin juna a bakin wata tasha, jama'a sun yi musu zobe ana ta shewa. Na fizge wayar a fusace, na yi masa faɗa mai zafi, na kuma yanke hukuncin cewa ba shi ba waya sai abin da hali ya yi. Yaron bai yi gardama ba. Magana ɗaya kawai ya yi, idanunsa cike da ƙwalla: "Wallahi Baba ba ni na nemo ba, shi ya zo da kansa." Na ɗauki maganar a matsayin irin uzurin da yara kan kawo idan an kama su. Har na ce masa, yaushe abu marar rai ya fara zuwa da kansa?

Da dare ya raba, mahaifiyarsu ta ce da ni, "Malam, da ka duba abin da ya kalla tukuna, kafin ka tabbatar masa da ƙarya." Na buɗe tarihin kallon da ke cikin manhajar. Abu ɗaya tak ya rubuta a wurin nema, shi ne darasin lissafin nan. Daga shi sai wani darasin, sai wani malami mai koyar da lissafi cikin raha, sai raha zalla, sai masu tsokanar mutane a kan titi, sai tsokanar da ta rikiɗe ta koma dambe. Tsakanin lissafi da dambe na ƙirga bidiyo 14, kuma babu ko ɗaya da ya nema da hannunsa. Kowanne na ƙarewa na gaba ke hawa. Ashe gaskiya yaron ya faɗa, ni ne na ƙaryata shi a kan abin da ban sani ba.

Da safe na kira shi na ba shi haƙuri. Amma haƙurin bai kawar mini da damuwa ba. Hana shi waya zai tsare shi ne muddin yana gabana. Gobe yana gidan abokinsa, jibi yana makarantar kwana, wata rana kuma da tasa wayar a aljihu. Abin da ya ja shi daga lissafi zuwa dambe yana nan yana jiransa, shi kuwa bai san ma akwai shi ba. Sai na ƙudurta cewa lallai ya san ko mene ne wannan abu, da yadda yake aiki.

Kafin in koya wa yaro, wajibi ne in fara fahimta da kaina. Na yi kwanaki ina karance-karance, amma abin da ya fi buɗe mini ido shi ne tunawa da wata dillaliya da kan shigo gidan kakata muna yara. Takan zo da hantsi da ƙullin kaya a ka, ta baje atamfofi da tasoshi da 'yan kunne a tsakar gida. Ban taɓa jin ta tambayi kowa abin da take so ba. Ido kawai take sawa. Tana lura da atamfar da amarya ta ɗauka ta juya ta sake juyawa, da wadda ta ture gefe ko kallo babu, da wadda ta kira wata ta zo ta gani. Idan mako ya zagayo, irin wadda aka daɗe ana juyawa ce za ka gani a saman ƙulli. Wani lokaci kuma takan ce, "Matar gidan can ma irin wannan ta ɗauka, ku kuwa na lura idonku ɗaya."

To, waɗannan dabaru biyu na dillaliya su ne ginshiƙan tsarin da ke zaɓo mana abin kallo a waya. Ta farko, a lura da abin da ka tsaya a kansa, a ƙaro maka irinsa. Ta biyu, a nemo mutanen da zaɓinsu ya yi kama da naka, a kawo maka abin da suka so wanda kai ba ka riga ka gani ba. Masana sun fara gina wannan dabara ta biyu a kwamfuta tun farkon shekarun 1990, da tsarin Tapestry a 1992 da na GroupLens a 1994. A 2006 kamfanin Netflix ya sa gasar dala miliyan 1 ga duk wanda zai inganta hasashen tsarinsa da kashi 10 cikin 100, kuma sai a 2009 aka samu waɗanda suka ci. A yau ƙirƙirarriyar basira ce ke wannan aiki, kuma ƙarfinta ya kai inda a 2018 Neal Mohan, wanda daga baya ya zama shugaban YouTube, ya bayyana cewa fiye da kashi 70 cikin 100 na lokacin da mutane ke ɓatarwa suna kallo a dandalin, a kan abin da tsarin ya zaɓo musu ne. Tun a 2012 kamfanin ya sanar cewa zai riƙa fifita tsawon lokacin da aka ɗauka ana kallo a kan yawan latsawa. TikTok ma a 2020 ya yi bayani cewa kallon dogon bidiyo har ƙarshensa alama ce mai nauyi a wajensa ta cewa mutum na da sha'awar abin.

Sai dai akwai bambanci tsakanin dillaliyar kakata da ta cikin waya. Waccan gidaje kaɗan ta sani, tana gajiya, tana barci, tana kuma jin kunyar ranar da za ku haɗu a wurin suna ko biki. Har takan ce wa mace, "Wannan bai dace da ke ba, bar shi." Wannan kuwa ta san miliyoyin gidaje, ba ta barci, kuma ba a gina ta da kunya ba.

Tambayar da ta rage ita ce, ta yaya zan fahimtar da yaro mai shekara 11 wannan? Na san idan na zaunar da shi na yi ta bayani, zai gyaɗa kai ne kawai don ladabi. A cikin karance-karancen nawa na tarar ashe wasu sun riga ni wannan tunani. Tun shekarun 1990 Tim Bell na Jami'ar Canterbury a ƙasar Niyu Zilan, tare da Mike Fellows da Ian Witten, suka tsara hanyar koyar da yara ilimin kwamfuta ba tare da kwamfuta ba, da katuna da igiya da wasanni, suka kira ta CS Unplugged. A 2019 Blakeley Payne ta cibiyar MIT a Amurka ta fitar da manhajar karatu ga 'yan ƙaramar sakandare, inda a ƙarshe ake sa su sake tsara YouTube da kansu, su yanke shawarar wanda ya kamata tsarin ya yi wa hidima. A ƙasar Finlan kuma masu bincike, ciki har da na Jami'ar Gabashin Finlan, sun ƙera wata manhaja ta aji mai suna Somekone. Ɗalibai kan yi ta duba hotuna a cikinta kamar a dandalin sada zumunta, sa'an nan a nuna musu a babban allo abin da aka tattara game da kowannensu, da siffar da tsarin ya yi masa, da waɗanda ya haɗa shi rukuni ɗaya da su. Abin da ya haɗa waɗannan duka shi ne a bar yaro ya taɓa abin da hannunsa. Hausawa sun ce gani ya kori ji.

Ni dai ba ni da babban allo, amma ina da kwalin taliya da almakashi. Muka yanka katuna 36, babbar 'yata mai shekara 13 ta zana hotuna a kansu, iri shida, kowane iri kati shida: ƙwallo, dawakan hawan Sallah, girki, namun daji, tarihi, da faɗa. Muka jera gwangwanayen madara shida a kan tabarma, kowanne da sunan iri ɗaya, muka ɗebo wake a kwano. Na raba aiki uku. Ɗana shi ne mai kallo. Yayarsa ita ce na'ura. Ni ne mai kamfani, ni ke kafa doka. Na gaya musu cewa irin wannan jerin dokoki da na'ura ke bi daki-daki shi ake kira algoridim, kuma kalmar ta samo asali ne daga sunan Muhammad bin Musa al-Khawarizmi, masanin lissafin da ya yi zamani a Bagadaza a ƙarni na 9. Wannan ya burge su ƙwarai.

Dokar da na kafa mai sauƙi ce. Na'ura za ta miƙa kati, ta riƙa ƙirge a zuci. Idan mai kallo ya ajiye kafin ta kai biyar, babu wake. Idan ya wuce biyar, ƙwaya ɗaya a gwangwanin wannan iri. Idan ya wuce goma, ƙwaya uku. Idan ya yi dariya ko ya kira wani ya gani, ƙwaya biyar. Da farko za a ba shi kati ɗaya daga kowane iri, bayan haka kuma daga gwangwanin da ya fi wake za a riƙa zaɓo masa. Shi mai kallon ban gaya masa dokar ba, kamar yadda mu ma ba a gaya mana.

Ya kalli ƙwallo ya ɗan tsaya, ya samu ƙwaya ɗaya. Girki ko kallo bai yi ba. Dawaki ƙwaya ɗaya. Da aka zo kan katin faɗa, sai aka yi dace yayar tasa ta zana wani mutum da hancinsa ya karkace, yaron ya tsaya yana ta juya katin yana ƙoƙarin gane ko hanci ne ko kunne, har ya kira autanmu ya zo ya gani. Ƙwaya uku ta daɗewa, biyar ta kira, takwas ke nan. Daga nan sai katin faɗa ya biyo, wani ya sake biyowa, wani ya ƙara. A na huɗu ya ɗago kai ya ce, "Yaya, me ya sa kike ta ba ni faɗa? Ai ba so nake ba, hancin ne ya ba ni mamaki." Ita kuwa, da ta riga ta shige cikin aikinta, sai ta ce, "Ni ban san so ba. Wake kawai nake ƙirgawa."

Na yi shiru, domin a jimla ɗaya ta faɗi abin da na yi kwanaki ina neman yadda zan faɗa. Na'urar ba ta bambance kallon sha'awa da na mamaki, ko na tsoro, ko na ƙyama. Tsayawarka take gani. Na ga yaron ya dubi gwangwanin nan da ya cika, ya dubi na tarihi da babu ko ƙwaya, sai ya ce a hankali, "Haka aka yi mini ran nan." Na ce haka ne. Na kuma nuna masa tarin katunan da ba su taɓa zuwa hannunsa ba. A cikinsu akwai na ganuwar Kano da na giwa da ɗanta, waɗanda da ya gani da ya so su, amma tsarin ya rufe masa ƙofarsu tun daga katin farko.

Ranar Asabar muka gayyato 'ya'yan maƙwabta uku don dabara ta biyu. Muka zana jadawali da alli a bangon zaure, sunayen yara a tsaye, ire-iren katuna a kwance, muka ƙara iri biyu, motoci da kokawa. Kowa ya kalla aka rubuta wakensa. Sai aka ga ɗana da wani abokinsa sun yi daidai a ƙwallo da dawaki da motoci. Abokin ya daɗe a kan katin kokawa, wanda ba a taɓa nuna wa ɗana ba. Na tambaye su, to me na'ura za ta miƙa masa yanzu? Suka amsa baki ɗaya, kokawa. Na ce, ko da bai taɓa nema ba? Suka ce, ai sun yi kama. Mun saba gargaɗin 'ya'yanmu cewa zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. A wannan zamani ana zaunar da yaro kusa da maɗaukan kanwar da bai taɓa gani ba, a garuruwan da bai taɓa jin sunansu ba, don kawai yatsunsu sun tsaya a wuri ɗaya.

Zagaye na ƙarshe shi ne ya fi muhimmanci a wajena. Na sauka daga kujerar mai kamfani na ɗora 'yata, na ce ta kafa dokar da ta ga ta fi. Ta yi tunani, ta ce a daina ƙirga lokaci. Bayan kowane kati a tambayi mai kallo ko ya ƙaru da wani abu, kuma ko zai so ƙanensa ya gani. In ya ce e, a sa wake. Aka gwada, nan da nan gwangwanayen tarihi da namun daji suka fara nauyi. Ta yi murna. Sai ni kuma na koma mai talla, na ajiye dabino a gabana, na ce duk katin da aka kalla zan biya mai kamfani dabino ɗaya, tun da tallata na manne a bayansa. Da tata dokar, mai kallo ya kalli kati takwas ya ce ya gaji, ya miƙe. Da tsohuwar doka wani yaron ya zauna har kati 20. Ta dubi dabino takwas, ta dubi 20, ta daɗe ba ta ce komai ba. Can ta ce, "Ashe shi ya sa." A nan suka gane cewa dokar ba daga sama ta faɗo ba. Mutum ne ya zauna ya zaɓi abin da za a ƙirga, kuma yana da dalilinsa na zaɓar hakan.

Na ɗauka an gama, ina jin daɗi a raina cewa na sauke nauyi. Da daddare sai 'yata ta zo ta durƙusa ta ce, "Baba, ko za ka ba mu aron wayarka mu gwada, mu ga gwangwanayenka?" Ban ga hanyar ƙi ba. Muka buɗe, ta ƙirga bidiyo goma na farko da manhajar ta jero mini. Bakwai daga ciki raddi ne: wannan malami ya mayar wa wancan martani, wancan ya fusata, almajiran wane sun yi wa wane ca. Ta sunkuyar da kai tana ɓoye murmushi, ta ce, "Baba, kai ma gwangwanin faɗanka ya cika, sai dai naka masu faɗan da rawani suke." Mahaifiyarta ta daka mata tsawa, na ce ta rabu da ita, gaskiya ta faɗa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Na daɗe a daren nan ina bincikar kaina. Kullum ina gaya wa zuciyata cewa ilimi nake nema. Amma karatun tafsiri na minti 40 nakan bar shi a minti na biyar, in ce zan dawo. Raddin minti uku kuwa sai na kai ƙarshensa, in maimaita, in tura wa abokai da sunan a ga abin takaici. Niyyata Allah ne kaɗai ya san ta, na'ura kuwa aikina ta rubuta, kuma da shi ta auna ni. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, duk turawar da na yi ƙwaya biyar ce a gwangwanin fitina, ba nawa kaɗai ba, har da na duk wanda tsarin ya ga mun yi kama. Da yatsana na taimaka wajen ɗaga muryar masu husuma a kan ta masu karantarwa, ina kuma zaune ina kukan cewa zamani ya lalace.

Washegari muka zauna gaba ɗaya muka yi gyara. Muka goge tarihin kallo a wayoyin biyu, muka kashe hawan bidiyo da kansa, muka koyi inda ake latsawa a ce ba a son irin wannan. Muka yi yarjejeniya cewa kafin a buɗe manhaja, mutum ya faɗi abin da ya zo nema, kuma a tsakar gida za a yi kallo. Ɗana ya ɗauki wani gwaji da kansa: mako biyu bai tsaya a kan komai ba sai lissafi da namun daji, yana ture sauran da sauri. Da wa'adin ya cika ya kawo mini wayar yana alfahari, shafin farko duk zakuna da jadawalin sau. Ya ce, "Baba, na koya mata."

Ba zan ɓoye maka ba, ya mai karatu, wasan wake bai kama ƙafar ainihin abin ba. Injiniyoyin Google sun bayyana a 2016 cewa tsarin YouTube kan fara tace ɗaruruwan bidiyo daga cikin miliyoyi, sa'an nan ya jera su gwargwadon hasashen lokacin da za a ɗauka ana kallon kowanne, yana dogaro da alamomi masu yawan gaske. Gwangwani shida ba za su nuna wannan ba. Haka nan sanin tarko ba ya kashe kwaɗayin tsaba. Har yanzu yaron kan zame, ni ma nakan zame. Kuma ban ce hani ba shi da gurbi ba. Ƙasar Ostareliya ta yi doka a 2024, wadda ta fara aiki a Disambar 2025, ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 mallakar asusu a manyan dandalin sada zumunta, kuma kowane uba na da ikon sa iyaka a gidansa. Sai dai yaro zai cika 16 ɗin, zai kuma fita daga gidan. Abin da ya gane da hannunsa shi zai tafi da shi.

Saboda haka nake roƙon iyaye, da malaman firamare da na Islamiyya, su gwada wannan ko da sau ɗaya. Ba ya bukatar wutar lantarki ko data. Kwali ne da wake da yamma guda. Ka bar yaron ya zama na'ura, ya zama mai kamfani, ya ji daɗin dabino a hannunsa, ya kuma ga abin da aka sadaukar kafin a same shi. In kuma ya nemi ganin wayarka, ka daure ka ba shi.

Kwanan baya na ji ɗana yana gaya wa autanmu, da ya ga ya ƙura wa wani abu ido a waya, "Kai, wuce da sauri, tana sa maka wake." Na yi hamdala. 'Ya'yan nan amana ce a hannunmu, kuma za a tambaye mu a kansu. Allah ya shirya mana su, ya shirye mu tare da su, ya tsare idanunmu da zukatanmu daga abin da ba zai amfane mu ba, amin.